Masinjan Hawa Na Bakwai

Sadisu ya shekara goma sha ɗaya yana aikin masinja a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Abuja kafin a taɓa ganin fuskarsa a talabijin. Ɗan Paikon Kore ne, can ƙasar Gwagwalada, inda mahaifinsa ke noman doya da dawa. Karatunsa a aji uku na sakandare ya tsaya. Wani kawunsa direba ne ya nema masa aikin, aikin kuwa bai wuce kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan ba, da sayo wa manya abinci, da tsayuwa a bakin ƙofa har sai an ce ya shigo.

A wannan tsayuwar ya koyi abin da ya iya. Ba mai kula da shi, shi kuwa idonsa na kan kowa. Ya san yadda wani mataimakin darakta ke gyaran murya sau biyu kafin ya ce a'a. Ya san yadda babban akanta ke lasar yatsa kafin ya buɗe shafi, ko da shafin a buɗe yake. In an fita cin abincin rana a bayan ginin, gindin wani mangwaro inda wata Bayarabiya ke sayar da shinkafa da wake, sai Sadisu ya miƙe ya riƙa kwaikwayonsu ɗaya bayan ɗaya. Direbobi da masu gadi da masu shara su yi ta dariya har wani ya ƙware.

Wata Laraba a shekarar 2008 ya ari tabarau ɗin wani mai gadi ya ɗora a kan hanci, ya yafa tawul a kafaɗa, yana kwaikwayon Hajiya Safiyatu Dallatu, daraktar sashen mulki, matar da ba wanda ya taɓa ganin haƙoranta a ma'aikatar. Ya ɗaga gira, ya ce da muryarta, “Wane ne ya taɓa mini tebur?” Sai ya ji wurin ya yi tsit. Da ya juya, ga ta nan tsaye da jakarta, ta sauko neman direbanta.

“Ka same ni a ofis,” ta ce, ta wuce.

Ya hau bene yana tunanin abin da zai gaya wa matarsa Uwani da 'ya'yansu uku. Hajiya ta ce ya rufe ƙofa.

“Sake yi.”

“Ranki ya daɗe, don Allah a yi mini afuwa, wallahi ba da wata manufa ba ne.”

“Na ce ka sake yi.”

Ya sake yi, gumi na zuba masa. Ta kalle shi har ya gama, ba ta ko murmusa ba.

“Girar hagu nake ɗagawa, ba ta dama ba,” ta ce. “Amma muryar ka same ta.” Ta yagi takarda ta rubuta adireshi. “Ƙanena Hadi yana haɗa wasan barkwanci na talabijin, wata uku ke nan yana damuna wai ya rasa mai ba shi dariya. Ka je ka same shi ranar Asabar. Kuma ka mayar wa mai gadi tabarau ɗinsa.”

Adireshin na wani gida ne a Gwarinpa da Hadi ya kama haya ya mayar da falonsa ofishin gwamnati, da tebura da tulin takardu da agogon bango da ba ya tafiya. Sunan wasan Hawa Na Bakwai, labarin ma'aikatan wani ofis ne da lif ɗinsu na hawa bene bai taɓa yin aiki ba. Hadi ya ce wa Sadisu ya nuna masa yadda masinja ke shiga ofishin oga in ya ɓatar da takarda. Sadisu bai yi wani tunani ba, abin da ya sani ne. Ya fita, ya ƙwanƙwasa, ya leƙo da kai kawai, ya bar sauran jikinsa a waje saboda gudu. Kafin ya buɗe baki mai kyamara ya riga ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

Amma ranar ɗaukar farko abin ya ƙi. Ana kunna fitilu, Hadi ya ce “Akshin!”, sai harshen Sadisu ya ƙafe. Sau shida ana yi. Ya ga idon kyamara kamar idon dukan mutanen da ya taɓa kwaikwaya sun taru suna kallonsa. Wadda ke fitowa a matsayin sakatariya, wata 'yar Binuwai mai suna Linda, wadda ta koyi Hausarta a kasuwar Wuse, ta jawo shi gefe.

“Oga Sadisu, ka manta da wannan kyamara, ita ba ya cizo. Ni ne sakatare, kai ne masinja. Ka kawo mini fayil kawai, in zage ka, ka tafi gida.”

Ya yi dariya. A ɗauka ta bakwai oga ya daka masa tsawa yana tambayar ina fayil ɗin kwangila, sai Sadisu ya manta abin da aka rubuta masa, ya faɗi abin da ya saba faɗi a wurin aikinsa na gaskiya: “Yana kan hanya, ranka ya daɗe.” Marubuciyar wasan, Christina, wata Bagwariya mai shiru-shiru da ta tashi a Suleja, ta ɗaga kai daga takardunta ta ce a bar shi haka. Ita ce kuma ta raɗa masa suna Baba Fayil.

Shekara biyu ya haɗa aiki biyu, ma'aikata daga Litinin zuwa Juma'a, ɗaukar wasa Asabar da Lahadi. Da ya yi maganar ajiye aikin gwamnati, Uwani ta kwana biyu tana juya zancen a ranta. A rana ta uku tana tsince shinkafa ta ce, “Baban Nazeefa, ni dai ban taɓa ganin ka dawo daga ma'aikata kana waƙa ba. Daga can kuwa kana yi. Allah ya sa alheri.”

Mahaifinsa ne bai so ba. Ya ce magidanci da iyalinsa ba ya tsayawa a gaban jama'a ana yi masa dariya. Sadisu bai yi musu da shi ba, ya dai ci gaba da zuwa gaishe shi duk ƙarshen wata. Sai wata rana aka ja tsohon zuwa shagon wani maƙwabci mai janareta, ya zauna ya kalli kashi guda, wanda aka aiki Baba Fayil ƙasa sau biyar a ƙafa saboda sa hannu ɗaya. Bai yi dariya ba. Da Sadisu ya zo, tsohon ya dube shi ya ce, “Ashe haka suke aiken ka, shekara da shekaru?” Daga ranar bai ƙara cewa komai a kan wasan ba, sai dai in an tambaye shi ya ce, “Ɗana ne.”

Wasan ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Sunan Sadisu ya ɓace, ya koma Baba Fayil a kasuwa, a tasha, har a harabar masallaci bayan sallar Juma'a. Masu gadin manyan gidajen Maitama sukan tsayar da shi su ɗauki hoto. Wani babban sakatare ya taɓa aiko masa da shadda da saƙon cewa matarsa ta daina yarda in ya ce mata abu yana kan hanya. Masinjoji kuwa, in sun gan shi, ba hoto suke nema ba, labari suke ba shi: abin da oga ya yi jiya, abin da ya faɗa shekaranjiya. Shi kuma ya kwashe ya kai wa Christina. Ya gina gida mai ɗaki huɗu a Paikon Kore kusa da na mahaifinsa, ya je Makka, ya aurar da Nazeefa. Bai yi arzikin da mutane ke zato ba, amma bai taɓa kwana da tunanin abin da za a ci gobe ba.

Cikin watan Maris na 2021, da hantsi, ana tsakiyar ɗauka, fayil ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Masu aiki suka fara ƙunshe dariya, sun ɗauka sabon salo ne. Linda ce ta ga bakinsa ya karkace. Ta yi ihu ta ture tebur, ita da Hadi suka ɗauke shi zuwa mota.

Likita ya ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma saurin kawo shi da aka yi ne ya sa abin ya tsaya a nan. Ya yi sati uku a asibiti. Ƙafar ta fara dawowa da sanda, hannun ya dawo rabi. Maganar ce ta fi ba shi wuya. Kalma tana nan a kansa sarai, amma kafin ta iso bakinsa sai ta yi nauyi, ta fito a murɗe. Mutumin da ke iya muryar kowa ya wayi gari ba ya iya tasa.

Ya koma Paikon Kore, ya ce kada a bar kowa ya shigo wurinsa, kada kuma a kunna talabijin a gidan. Uwani ce ke kai shi gashin ƙashi Gwagwalada sau biyu a mako, ta dawo ta sa shi matsa ƙwallon roba, ta sa shi karanta Fatiha a bayyane a hankali har harafin ya fita. Wani lokacin ya yi jifa da ƙwallon. Ta je ta ɗauko ta mayar masa a hannu. Hadi yana bugo waya kullum, Sadisu ya girgiza kai, Uwani ta ce barci yake yi.

A wata na biyar suka zo ba tare da neman izini ba, Hadi da Linda da Christina. Suka same shi a kan tabarma gindin dalbejiya a tsakar gida. Ya juya musu ɓarin fuskarsa mai lafiya. Linda ta ajiye kular farfesun kifi a gabansa.

“Babu gishiri, babu magi. Na ɗanɗana, wallahi ba shi da daɗi. Amma za ka ci.”

Hadi ya zauna a ƙasa kusa da shi ya fito da waya. “Baba, ba mu zo takura maka ba. Abu ɗaya nake so ka gani.”

Ofishin hawa na bakwai ne a cikin wayar, kamar yadda ya bar shi. Bencinsa na nan a bakin ƙofa, da hularsa da butarsa. Oga ya fito yana huci ya ce, “Wai ina Baba Fayil ne?” Sai ma'aikatan duka suka haɗa baki, “Yana kan hanya, ranka ya daɗe!”

Hadi ya nuna masa wani kashin, da wani, da wani. Kashi goma sha takwas aka yi ba shi, kuma ba a sa kowa a gurbinsa ba. Christina ta rubuta cewa an aike shi ƙasa ɗauko fayil, bai dawo ba tukuna. Kowane mako sai wani ya tambaya, kowane mako amsar ɗaya ce.

“Tashar talabijin ɗin ta so mu kawo wani masinja,” in ji Hadi. “Linda ta ce in an kawo, a nemi wata sakatariya ma.”

Sadisu ya dubi Uwani, ya ga ba ta yi mamaki ba. Ashe duk Asabar da ta ce za ta leƙa maƙwabta, kallon wasan take zuwa yi.

Hawaye suka zubo masa, na idon dama suka bi ta karkataccen bakin. Ya daɗe yana kokawa kafin ya ce, “Ban... iya... magana.” Ya huta. “Ba za a yi... dariyar... bakina ba.”

Christina ta matso. “Ba za a yi ba, Baba. Za mu faɗi gaskiya, Baba Fayil ya yi ciwo a hanya, ya dawo da sanda. Amma kafin ya dawo, an yi kuskuren suna a takardar ƙarin girma, an naɗa shi darakta. Zai zauna a bayan babban tebur. Kai ne ka gaya mini manya ba sa gaggawar magana, sai su bar mutum a tsaye yana jira. To yanzu su za su jira ka. Duk layin da ka ga ya taɓa ciwonka, ka yage shi da hannunka, ba zan tambaye ka dalili ba.”

Sadisu ya jawo kular. Ya dai ci farfesun, ya kuma yarda da Linda cewa ba shi da daɗi. Bayan kwana tara ya ce wa Uwani ta goge masa babbar rigarsa.

Ranar da ya koma, layi ɗaya aka ba shi. Wani ɗan kwangila zai shigo da takardu ya yi ta bayani, sabon darakta ya saurare shi ya ce, “Ka dawo gobe.” Sau takwas kalmar tsakiya tana maƙalewa. Kowane karo Hadi ya ce a sake, da murya kamar ba komai, ba wanda ya dubi agogo. A karo na tara Sadisu ya daina kokawa da bakinsa. Ya jingina a kujera, ya kalli ɗan kwangilar daga hula har takalmi, ya gyara tabarau da hannun hagu, ya bar shirun ya yi tsawo har mutumin ya fara sauya ƙafa da gaske. Sannan ya ce, ɗaya bayan ɗaya, “Ka. Dawo. Gobe.”

Mai riƙe da makirufo ya fashe da dariya ya ɓata ɗaukar. Dole aka yi ta goma, ita aka nuna.

Ya ƙara zango biyu a wasan. Layi uku kawai ya yage a cikinsu duka. A ƙarshen 2023 ya ce wa Hadi ya gaji, hanyar Gwarinpa ta yi masa nisa, yana so ya tsaya tun yana iya tsayawa da kansa. Aka dafa shinkafa, aka yi hoto, ya bi kowa ya yi masa godiya da sunansa, har mai share falon. Ya ɗauki lokaci kafin ya gama, ba wanda ya tafi.

Yanzu yana Paikon Kore, yana kiwon 'yan awaki da talo-talo. In baƙi sun tambaye shi labarin rayuwarsa, ba ya fara da kansa, sai ya fara jero mutane, ya ce shi bai san abin da ya yi wa Allah ba da ya haɗa shi da su.

Da damina ta bara wata Bafulatana mai tallar nono, Maimuna, ta yi sallama a gidan. Ta daɗe tana magana da Uwani ƙasa-ƙasa kafin Uwani ta kawo ta gabansa. Mijinta Buba, in ji ta, wata takwas ke nan irin wannan ciwon ya same shi. Ya daina fita, ya daina zuwa ganin shanunsa, ya ce kada kowa ya gan shi. 'Ya'yansa sun nuna masa wasan a waya don ya ga wani mai irin ciwonsa yana harkarsa, sai ya ture wayar ya ce ƙarya ce, ɗan wasa ne, lafiyarsa ƙalau, kwaikwayo yake yi.

“Shi ne na ce, Alhaji, ko za ka taimaka ka zo ya gan ka da idonsa.”

Sadisu ya yi dariya har sai da ya yi tari. Shekara goma sha biyar yana so a ce ya iya kwaikwayo, yau ga wanda ya yaba masa fiye da kima.

Ranar Alhamis ya hau bayan babur, sanda a kan cinya, suka bi hanyar rugar da ruwa ya cinye. Ya sami Buba kwance a cikin bukka, dogon mutum da ciwo ya rame, fuskarsa a bango. Sadisu ya yi sallama da muryarsa mai nauyi. Buba ya juyo a hankali, ya daɗe yana kallon bakinsa. Sannan ya miƙo hannunsa mai lafiya.

“Matse,” ya ce.

Sadisu ya sa hannun dama ya matse iya ƙarfinsa, ƙarfin da bai fi na jariri ba. Buba ya riƙe hannun bai saki ba.

“Ashe... da gaske ne.”

“Da gaske ne.”

Sadisu ya ce shi zafin bukkar ya dame shi, ba zai iya zama a ciki ba, in ana son hira da shi sai a waje. Buba ya kira matarsa. Ita da babban ɗansu suka tallafe shi zuwa inuwar wata ɗorawa, karo na farko tun da ya kwanta. Maimuna ta dama fura. Suka sha da ludayi a hannun hagu su biyun, rabi na zuba a riga, kowa na ganin na ɗan'uwansa. Da la'asar ta yi shanun suka fara dawowa daga kiwo, Buba ya riƙa nuna su da haɓa yana faɗa wa baƙonsa sunan kowace, a hankali, yana hutawa tsakanin suna da suna. Sadisu ya zauna ya saurara har ya kai ta ƙarshe, sannan ya ce wa mai babur ya dawo ya ɗauke shi Alhamis mai zuwa ma.